Yis da Tsimuwa: Darasi daga Ƙananan Masana'antun Giya na Turai

Gabatarwa

A manyan biranen Turai da Amurka akwai wata al'ada da ta yaɗu cikin shekaru hamsin da suka wuce. Masu shan giya a can sukan tsallake mashayun da ke kusa da gidajensu, su nufi wata guda a ƙarshen gari, domin an ce tana sayar da giyar ƙananan masana'antu. A Birtaniya har ƙungiya suka kafa a 1971, mai suna CAMRA, wadda take buga littafi kowace shekara mai ɗauke da sunayen mashayun da take ganin sun iya adana irin wannan giya.

Addinin Musulunci ya haramta shan giya, binciken likitoci kuma ya tabbatar da illarta, kamar yadda za a gani nan gaba. Duk da haka, wannan al'ada ta Turawa tana ɗauke da tambayar da ta dace da ɗalibin ilimin halittu: me ya sa giyar da ta fito daga tukunya ɗaya za ta zauna lafiya a wannan mashaya, ta lalace a waccan? Amsar tana cikin rayuwar wata 'yar ƙaramar halitta, wato yis, wadda ita ce dai take tayar da ƙullun burodi da fanke da alkubus.

Mene ne yis?

Yis halitta ce mai rai, 'yar dangin naman kaza da fumfuna. Jikinta ƙwayar halitta ɗaya ce tak, kuma sai an jera ɗari ko fiye kafin su kai tsawon milimita ɗaya. Tana hayayyafa ta hanyar toho: wani ɗan ƙullutu ya fito a gefen uwa, ya girma, ya ɓalle ya zama mai zaman kansa. Idan ta sami abinci da ɗumi, takan ninka yawanta cikin kimanin minti 90. Nau'in da aka fi amfani da shi wajen yin burodi da giya shi ne wanda masana ke kira Saccharomyces cerevisiae. A 1996 aka kammala karanta dukkan ƙwayoyin gadonsa, aka tarar sun kai kimanin 6,000, a kan kuromosom 16.

Yadda tsimuwa take faruwa

Kowace halitta tana buƙatar kuzari, kuma galibi daga sukari take samunsa. Idan akwai iskar oksijin, ƙwayar halitta takan farfasa sukari gaba ɗaya ya koma ruwa da iskar kabon-dayoksaid, ta sami kuzari mai yawa. Idan babu oksijin, yis ba ta mutuwa. Sai ta farfasa sukarin rabi da rabi, ta fitar da iskar kabon-dayoksaid da wani sinadari mai suna itanol, wanda shi ne abin da ke sa maye a cikin kowace barasa. Wannan aiki shi ake kira tsimuwa, kuma ana rubuta shi kamar haka:

C6H12O6 → 2C2H5OH + 2CO2 + kuzari

A lissafi, giram 180 na sukarin gulukos yana bayar da giram 92 na itanol da giram 88 na iskar kabon-dayoksaid. Kuzarin da yis take samu ta wannan hanya kaɗan ne, ATP biyu kacal daga kowane gulukos, alhali numfashi da oksijin yana bayar da kusan talatin ko fiye. Itanol kuwa shara ce a wurin yis. Idan ya taru ya kai wajen kashi 14 ko 15 cikin ɗari, yakan kashe mafi yawan nau'o'inta. A cikin burodi, iskar ce take kumbura ƙullu, itanol kuma yakan tafi da zafin gashi, domin yana tafasa a digiri 78 na ma'aunin Salshiyas.

Daga hatsi zuwa sukari

Yis ba ta iya cin sitacin da ke cikin hatsi. Saboda haka masu yin giya sukan fara da jiƙa sha'ir, su bar shi ya fara tsira. A lokacin tsiro, ƙwayar hatsi tana samar da wani inzayim mai suna amiles, irin wanda ke cikin yawun ɗan Adam, domin ya mayar da sitaci sukari ya ciyar da sabon tsiro. Kafin tsiron ya cinye sukarin sai a busar da hatsin, a ɓarza, a jiƙa shi cikin ruwa mai zafin kimanin digiri 65. A nan amiles yake ƙarasa aikinsa, ruwan ya yi zaƙi. Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa, domin ita ce dalilin da masu kunun zaƙi suke zuba tsiron hatsi ko garin dankali a cikin damu mai ɗumi, ya yi zaƙi ya kuma saki.

Daga nan sai a tace ruwan, a tafasa shi tare da furen wani tsiro mai yaɗo da ake kira hop. Furen yana sa ɗaci da ƙamshi, sinadaransa kuma suna hana wasu bakteriya hayayyafa. Idan ruwan ya huce sai a zuba yis.

Yadda aka gano aikin yis

Mutane sun shekara dubbai suna amfani da yis ba su san tana da rai ba. Dokar da aka kafa a Babariya ta ƙasar Jamus a 1516 ta ce da ruwa da sha'ir da hop kaɗai za a yi giya, ba ta ambaci yis ba. A 1680 wani ɗan ƙasar Holan, Antonie van Leeuwenhoek, ya hangi ƙwayoyinta a cikin madubin ƙara girma da ya ƙera da hannunsa, amma bai gane matsayinsu ba. Louis Pasteur na Faransa, wanda ya fara nazarin tsimuwa a garin Lille a tsakiyar shekarun 1850, shi ya nuna cewa ƙananan halittu masu rai ne suke yin wannan aiki, kuma idan giya ta yi tsami to wasu halittun ne daban suka kutsa ciki. Ya buga littafinsa kan giya a 1876.

A 1883 Emil Christian Hansen, a ɗakin bincike na Carlsberg da ke birnin Kwapanhagan na ƙasar Denmak, ya ware ƙwayar yis guda ɗaya ya rene ta har ta zama zuriya tsantsa, babu gauraye. A 1897 kuma Eduard Buchner na Jamus ya niƙe yis, ya tatse ruwanta, ya nuna cewa ruwan kaɗai yana iya tsima sukari ko da babu ƙwaya mai rai. Wannan ya tabbatar da cewa inzayim ne ke aikin, kuma ya sami kyautar Nobel a 1907. A ɗakin binciken Carlsberg ɗin dai aka ƙirƙiro ma'aunin tsami na pH a 1909, wanda kowane ɗalibin kimiyya yake amfani da shi a yau.

Bambancin manyan masana'antu da ƙanana

Aikin Pasteur da Hansen ya ba manyan kamfanoni damar yin giya mai ɗanɗano iri ɗaya a ko'ina. Suna amfani da zuriyar yis guda, su tace giyar, su ɗumama ta har sauran ƙananan halittu su mutu, sannan su rufe a kwalba. Irin wannan giya takan yi watanni ba ta canza ba. Da tafiya ta yi tafiya, manya suka haɗiye ƙanana. A ƙarshen shekarun 1970 masana'antun giya a Amurka ba su kai ɗari ba. A 1978 Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta halatta yin giya a gida, wasu daga cikin masu yin ta a gida suka buɗe ƙananan masana'antu, har adadin ya haura 9,000 a 2022.

Ta fuskar ilimin halittu, abin da ya fara bambanta ƙananan masana'antu shi ne yawan nau'o'in yis da suke amfani da su. Yis ba itanol kaɗai take fitarwa ba. Tana fitar da wasu sinadarai masu ƙamshi, kaɗan-kaɗan, kuma kowace zuriya da irin nata. Zuriyar da ake yin giyar alkama da ita a Babariya tana bayar da ƙamshi irin na ayaba da kanumfari, ba tare da an zuba ko ɗaya daga cikinsu ba. Zafi ma yana da tasiri. Saccharomyces cerevisiae tana aiki tsakanin digiri 15 zuwa 24, cikin 'yan kwanaki, da ƙamshi mai yawa. Yis ɗin giyar laga, wadda manyan kamfanoni suka fi yi, tana aiki a hankali cikin sanyin digiri 7 zuwa 13. Ita wannan ruwa biyu ce, kuma sai a 2011 aka gano ɗaya daga cikin iyayenta a dazuzzukan Patagoniya na ƙasar Ajantina.

Wasu masana'antun ma ba sa zuba yis sam. A birnin Burasel na ƙasar Beljiyam, gidan Cantillon, wanda aka kafa a 1900, yana zuba tafasasshen ruwan hatsi a faffaɗan kasko a buɗe, a lokacin sanyi, ya kwana. Yis da bakteriya na cikin iska da na jikin gangunan katako su ne suke tsima shi, aikin da yakan ɗauki shekara ɗaya zuwa uku. Haka tsimuwar burukutu da fito take a Afirka ta Yamma, inda bakteriya masu sa tsami da yis suke aiki tare a kan tsiron dawa.

Dalilin neman mashaya ta musamman

Yanzu an iso ga tambayar farko. Giyar gargajiya ta Birtaniya, wadda CAMRA take karewa, ba a tace ta, ba a ɗumama ta. Ana kai ta mashaya cikin ganga da yis ɗinta a raye, ta ci gaba da tsimuwa a ɗakin ajiya na ƙarƙashin ƙasa. Dole mai mashaya ya riƙe sanyin ɗakin tsakanin digiri 11 zuwa 13, ya bar gangar ta zauna har yis ta kwanta a ƙasa, ya riƙa wanke bututan da giyar ke bi. Da zarar an buɗe ganga iska takan shiga, sai bakteriya irin su Acetobacter su fara mayar da itanol ruwan khal. Saboda haka ba ta wuce kwana uku zuwa huɗu ba ta lalace ba. Mashayar da ba ta da ciniki sosai, ko wadda ba ta da tsabta, tsami za ta sayar. Abin da masu yawon neman mashaya suke nema ke nan, wato wurin da aka iya sarrafa zafi da iska da tsabta.

Waɗannan abubuwa uku su ne suke mulkin kunun zaƙi da zoɓo da ruwan rake a gidajen Hausawa. Duk abin sha mai sukari da aka bari cikin zafi, yis ɗin da ke iska da jikin mazubi za ta fara tsima shi. Kumburin jarka, da kumfa, da ƙarar iska idan an buɗe murfi, da canjin wari, alamu ne cewa tsimuwa ta kama hanya. Sanyi yana rage mata gudu, tafasawa tana kashe yis, wanke mazubi kuma yana hana tsohuwar zuriya shiga sabon haɗi.

Illar itanol ga jiki

Ƙamshi ko ƙanƙantar masana'anta ba sa canza itanol. Hasali ma giyar ƙananan masana'antu da dama ta fi ta kamfanoni ƙarfi. Idan itanol ya shiga jini, hanta takan mayar da shi wani sinadari mai guba, asitaldihaid, wanda ke lalata ƙwayoyin halitta kafin a ƙarasa narkar da shi. Yawan shan barasa yana jawo ƙeƙashewar hanta da hawan jini, yana kuma dagula aikin ƙwaƙwalwa. Tun 1988 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya barasa cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa ciwon daji. Hukumar ta ƙiyasta cewa barasa ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6 a 2019, kuma a 2023 ta bayyana cewa babu wani adadinta da za a ce ba ya cutarwa.

Gwaji a aji

Malami zai tanadi kwalba uku masu tsabta, da balan-balan uku, da sukari, da yis irin na burodi, da ruwa mai ɗumi. A kwalba ta farko a zuba ruwa da cokali biyu na sukari da cokali ɗaya na yis. A ta biyu a zuba ruwa da yis, ban da sukari. A ta uku a zuba ruwa da sukari da yis ɗin da aka tafasa ta huce. A rufe bakin kowace da balan-balan, a ajiye a wuri mai ɗumi na sa'a ɗaya. Balan-balan ɗin kwalba ta farko ne zai kumbura sosai. Idan aka bi da iskarsa cikin ruwan kalsiyam haidiroksaid na ɗakin gwaji, ruwan zai yi fari kamar madara. Ba a ɗanɗana komai a ɗakin gwaji, kuma a zubar da haɗin da zarar an gama.

Tambayoyi

1. Me ya hana balan-balan ɗin kwalba ta biyu da ta uku kumbura?
2. Giram nawa na iskar kabon-dayoksaid za a samu daga giram 90 na gulukos?
3. Me ya sa ake barin hatsi ya tsira kafin a tsima shi?
4. Me gwajin Buchner ya ƙara a kan abin da Pasteur ya gano?
5. A kawo matakai uku da mai sayar da kunun zaƙi za ta ɗauka domin kunun ya wuni bai tsimu ba, tare da dalilin kowane mataki.