Idan Tiredin Kujerar Babur Ya Cinye

Gargadar hanyar ƙauye takan sassauta ƙusar da ke riƙe kujerar babur. In aka ɗaure ta a karkace da sifana, sai tiredin ramin ya cinye. Kujera ta riƙa rawa, har ta kayar da wanda aka goya.

Mai babur ya wanke ramin da kananzir, ya ɗiga baƙin mai. Ya samo sabuwar ƙusa daidai da tsohuwar, ya tsaga ta kaɗan a tsaye da zarto. Ya murza ta a hankali, gaba kaɗan, baya kaɗan. Tsagar nan ce ke kwashe datti, ƙusar tana miƙe tiredin.

In ramin ya riga ya buɗe, sai a zura doguwar ƙusa, a sa washa, a ɗaure da noti ta baya.