Yadda Ake Sauƙaƙa Giyar Tsohon Keken Tsere Don Hawan Tudu

Tsofaffin kekunan tsere na ƙarfe irin su Peugeot, Raleigh da Bianchi, waɗanda aka ƙera a Turai a shekarun 1970 da 1980, har yanzu suna shigowa kasuwanninmu cikin kayan hannu. Suna da ƙarko, kuma a shimfiɗaɗɗiyar hanya gudu suke kamar iska. Matsalar tana fitowa ne idan aka doshi tudu irin na Jos: feda ta yi nauyi, gwiwa ta ɗauki zafi, ƙarshe a sauka ana turawa. Sau da yawa laifin ba na mahayin ba ne. An tsara giyar kekunan ne bisa tsarin 'yan tsere, kuma ana iya gyara ta ba tare da an sayi sabon keke ba.

A fara da ƙirga haƙora

Giyar keke lissafi ce tsakanin faifan gaba da ke jikin feda da faifan baya da ke jikin taya. Akasarin waɗannan kekuna suna da faifai 2 a gaba, mai haƙora 52 da mai 42, sai 5 ko 6 a baya, waɗanda galibi babbansu bai wuce haƙora 24 ba.

Kalkuletar waya ta isa yin lissafin. A raba haƙoran ƙaramin faifan gaba da na babban faifan baya: 42 ÷ 24 = 1.75. Wato duk juyi ɗaya na feda, taya tana juyawa sau 1.75. Tunda kewayen tayar keken tsere kusan mita 2.1 ne, keken yana tafiya mita 3.7 a kowane juyi. Wannan ita ce giya mafi sauƙi da keken ke da ita, kuma ta yi wa tudu nauyi. Duk gyaran da za a yi, manufarsa rage wannan lamba ce.

Hanya ta 1: Sauya faifan baya

Ita ce mafi araha. A tsofaffin kekuna, faifan baya a haɗe suke wuri guda, abin da masu gyara ke kira firiwil, kuma murɗa shi ake yi a jikin taya. Idan aka sa mai haƙora 14 zuwa 28, lissafin ya koma 42 ÷ 28 = 1.5, wato mita 3.15. Ƙarfin da ƙafa ke buƙata ya ragu da kusan kashi 14 cikin 100. Shimano yana da mai kaiwa haƙora 34, wanda ke sauke lambar zuwa 1.24.

Kafin a biya kuɗi, a duba abu biyu. Na farko, faɗin da ke tsakanin ƙarafan da tayar baya ke shiga: milimita 120 na faifai 5 ne, 126 kuma na 6 ko 7. Na biyu, tiredi. Wasu kekunan Faransa na shekarun 1970 tiredinsu daban yake da na Ingila da ake amfani da shi yanzu. Idan firiwil bai shiga da hannu cikin sauƙi ba, kada a matsa masa, domin zai cinye tiredin, tayar ta tashi aiki.

Hanya ta 2: Rage faifan gaba

A nan ba kowane faifai ne ke shiga ba. Tazarar notocin da ke riƙe faifan ce ke yanke hukunci. A kan mai noti 5, a sa rula a auna daga tsakiyar noti zuwa tsakiyar na kusa da shi:

- Milimita 84.6: tsohon tsarin Campagnolo ne, galibi a 42 yake tsayawa.
- Milimita 76.4: yana karɓar mai haƙora 39 ko 38.
- Milimita 64.7: yana karɓar mai 34.

Wanda nasa ya zo a tsarin farko sai dai ya sauya hannun feda gaba ɗaya, ya sa mai 50 da 34. Da faifan baya mai 28, lambar ta zama 1.21, nauyi ya ragu da kusan kashi 30 cikin 100. Bayan haka dole a sauko da na'urar sauya giya ta gaba, ta tsaya milimita 1 zuwa 3 a saman babban faifai.

Na'urar baya za ta ɗauka?

Nan ne mutane da yawa ke asarar kuɗi. Na'urar sauya giya ta baya mai gajeren hannu galibi ba ta wuce haƙora 26 zuwa 28. Kuma ita ce ke ɗame rarar sarƙa, rarar da ake ganewa ta haɗa bambancin gaba da na baya. Misali, (52 − 42) + (28 − 14) = 24, wanda da yawansu za su iya. Amma (50 − 34) + (28 − 14) = 30, wannan sai mai dogon hannu.

Abin daɗin shi ne, tsofaffin kekuna suna amfani da libar da ake ja a hankali har sarƙa ta zauna, ba mai ƙas-ƙas ba. Don haka kusan kowace na'ura, har ta keken hawan dutse, tana aiki da su.

Sarƙa da gwaji

Tsohuwar sarƙa tana tsalle a kan sabbin haƙora, kuma mai yiwuwa ta yi gajarta. A sayi sabuwa. Wajen auna tsawonta, a naɗa ta a babban faifan gaba da babban na baya ba tare da ta bi ta cikin na'ura ba, sannan a ƙara gaɓa 2.

Abu na ƙarshe shi ne mafi haɗari. A jikin na'urar baya akwai ƙananan kusoshi biyu, galibi masu alamar H da L. Ta L ce ke hana sarƙa tsallake babban faifai ta faɗa cikin wayoyin taya. Idan ba a daidaita ta ba, na'urar tana iya shigewa cikin taya ana tsakar hawa, ta karye, mahayin ya faɗi. A ɗaga tayar baya, a juya feda da hannu, a bi giya ɗaya bayan ɗaya kafin a hau titi.

Wanda zai yi wannan gyara ya fara da firiwil da sarƙa, ya gwada a tudun da ya saba ba shi wahala. Idan yana iya kaiwa ƙarshe a zaune, ƙafa na juyawa ba tare da gwiwa ta yi ciwo ba, aiki ya yi. Tsofaffin kayan da aka cire kuma a adana su, domin masu neman keke a asalin yadda aka ƙera shi suna ba su daraja.