Darasi na 14: Zaɓen Babur na Farko a Birnin Riyad

A ƙasar Hausa babur abin hawan talaka ne. Da shi malamin makaranta ke zuwa aiki, da shi manomi ke kai kaji kasuwa. Ana kuma haya da shi, sana'ar da Kanawa ke kira acaɓa, mutanen Sakkwato da Maraɗi kuwa suna ce mata kabu-kabu. A cikin birnin Kano gwamnati ta hana ɗaukar fasinja a kan babur tun watan Janairun 2013, amma har yanzu mutane da yawa suna hawan nasu na kansu. Baburan da aka saba gani, irin su Bajaj Boxer na Indiya da Jincheng na Sin, ƙanana ne. Girman injinsu bai cika wuce cc 100 zuwa 125 ba.

A Riyad, babban birnin Saudiyya, al'amarin ya sha bamban. Birni ne na mutum kusan miliyan 7, kuma an shimfiɗa shi ne domin motoci. Manyan hanyoyinsa, kamar Titin Sarki Fahad, suna da faɗi, motoci kuma suna sheƙa gudu a kansu. Masu babur a can iri biyu ne. Akwai ma'aikatan da ke kai abinci gida-gida wa kamfanoni irin su Jahez da HungerStation, akwai kuma masu hawa don sha'awa. Tun daga 2020 ake gudanar da tseren Dakar a hamadar Saudiyya, kuma tun ranar 24 ga Yunin 2018 aka ba mata izinin tuƙi, har da na babur. Saboda haka sababbin mahaya sun ƙaru, kowannensu da tambaya ɗaya: wane babur ya kamata in fara da shi?

Abu na farko da za a duba shi ne ƙarfin inji. Ƙaramin babur irin na Kano ya isa zirga-zirga cikin unguwa, amma a babban titi ba zai iya jerawa da motoci ba, wannan kuwa haɗari ne. Babban babur mai cc 1,000 kuma ya fi ƙarfin ɗan koyo, domin da ya murɗa totur kaɗan sai ya ƙwace masa. Shi ya sa a ƙasashen Tarayyar Turai ake ba matasa lasin mataki-mataki: su fara da cc 125, su hau matsakaici, daga baya su kai ga babba. Ga mai zama a Riyad, matsakaicin babur na cc 250 zuwa 400 ya fi dacewa. Hausawa sun ce, da rarrafe yaro kan tashi.

Na biyu shi ne nauyi da tsayi. Boxer bai wuce kilo 100 da 'yan kai ba, amma babban babur na doguwar tafiya kamar Honda Gold Wing ya haura kilo 350. Ɗan koyo ya fi faɗuwa a lokacin tsayawa da juyawa, saboda haka kafin ya biya kuɗi sai ya zauna a kan sirdi ya tabbatar ƙafafunsa biyu suna taɓa ƙasa.

Na uku shi ne yanayin wuri. A watannin Yuli da Agusta zafin Riyad yakan wuce digiri 40. Injin da iska kaɗai ke sanyaya shi yakan yi zafi ƙwarai cikin cunkoso, mai lagireto kuwa ya fi jurewa. Iska tana kuma kwaso rairayi ta zuba a kan kwalta, taya ta riƙa santsi. A nan birki mai na'urar ABS yake da amfani, domin yana hana taya cijewa idan an taka shi da ƙarfi. Wanda kuma ke son hawa cikin rairayin Thumama, arewa da birnin, to babur na daji yake bukata, mai dogayen ƙafafu da taya mai haƙora.

Na ƙarshe shi ne kuɗi. Mai hankali ba ya ƙarar da jarinsa a kan babur kaɗai. Yakan ware na lasin, da inshora, da hular kwano mai rufe fuska, da safar hannu, da takalmi mai kauri. Ƙwararru da yawa suna ba da shawarar a fara da na hannu, domin da wuya babur na farko ya tsira daga ƙwarzane. Sai dai a tafi da bakanike ya duba inji da sarƙa da birki, a kuma tambaya ko ana samun kayan gyaransa a gari. Araha ba ta ado.

Ma'anar kalmomi

totur: abin da ake murɗawa da hannun dama don ƙara wa babur wuta
hular kwano: hula mai tauri da ke kare kai
na hannu: wanda wani ya riga ya yi amfani da shi
lagireto: wurin da ruwa ke zagawa don sanyaya inji
ƙwarzane: tabon da ke fita a jikin ƙarfe in ya gogi ƙasa

Tambayoyi

1. Mece ce acaɓa, kuma yaya ake kiranta a Maraɗi?
2. Don me ƙaramin babur bai dace da Titin Sarki Fahad ba?
3. Wane amfani ABS ke da shi?
4. Bayyana ma'anar karin magana biyu da ke cikin darasin.

Aiki

Rubuta jimloli biyar masu ɗauke da "yakan" ko "sukan" a kan yadda mutanen garinku ke zuwa wurin aiki.