Darasin Mutuwa Da Amfanin Rayuwa A Cikin Majigi Biyu

 'Yan'uwa masu karatu, a wannan mako za mu taɓa wani abu da ba a saba jinsa a wannan fili ba, watau majigi, ko fim kamar yadda ake cewa. Malamai sun yi magana mai tsawo a kan kallonsa, wasu sun ƙi shi ɗungum saboda ɓarnar da ta yi yawa a cikinsa, wasu kuma suka ce hukuncinsa yana bin abin da ya ƙunsa, kamar dai littafi ko rediyo. Ba fatawa za mu ba da ba a nan. Nufinmu shi ne mu duba labarin majigi biyu waɗanda aka gina a kan tambayar da masu falsafa suka daɗe suna yi: tun da mutuwa ba makawa, to, me ya kamata mutum ya yi da kwanakinsa?

Akawun Da Ya Farka A Makare

Na farko sunansa Ikiru, ma'anarsa a Japananci "rayuwa". Akira Kurosawa na ƙasar Japan ne ya shirya shi a shekarar 1952. Labarin wani tsoho ne, Kanji Watanabe, shugaban wani sashe a ofishin hukumar birni, wanda ya yi kusan shekara 30 yana buga hatimi a kan takardu ba tare da ya biya wa kowa bukata ba. A farkon labarin waɗansu mata sun kawo koke a kan wani kududdufi mai wari da sauro a unguwarsu, suna roƙon a cike shi a yi wa yara filin wasa. Aka yi ta tura su daga wannan ofis zuwa wancan, har suka zagayo inda suka faro. Duk wanda ya taɓa bin takarda aka ce masa ya dawo gobe ya san zafin wannan.

Sai Watanabe ya kamu da ciwon daji a ciki. Likita ya ɓoye masa, ya ce ɗan gyambo ne kawai, amma shi ya gane saura watanni kaɗan. Matarsa ta daɗe da rasuwa, ɗansa kuma da matar ɗan hankalinsu yana kan kuɗin sallamarsa. Da fari ya ɗebi kuɗi ya shiga gidajen giya da rawa, yana zaton ko zai rama abin da ya wuce shi na jin daɗi, amma gari ya waye masa da baƙin ciki fiye da na jiya. Sa'an nan ya riƙa bin wata yarinya da ta bar ofishinsu ta koma masana'antar kayan wasan yara, yana so ya san asirin farin cikinta. Ta gaya masa a ofis ta laƙaba masa suna "busasshiyar gawa", ta kuma ce ita dai abin da ke faranta mata rai shi ne idan tana haɗa 'yan zomayen wasa, sai ta ji kamar tana wasa da dukan yaran ƙasar. Daga nan ya tuna da koken matan nan. Ya koma ofis ya zaƙulo takardar, ya bi manya ɗaya bayan ɗaya, ya jure wulaƙanci da barazana, har aka gina filin. A can ya mutu wata biyar bayan haka, da dare, yana zaune a kan lilon yara, dusar ƙanƙara tana zuba.

Abin lura shi ne Kurosawa bai tsaya a nan ba. Ya kai mu wurin zaman makoki, inda mataimakin magajin gari ya ɗauki yabon aikin ya ɗora wa kansa. Abokan aikin mamacin suka yi ta gardama har suka gane gaskiya, suka yi kuka, suka yi alkawari za su yi koyi da shi. Da suka koma ofis aka kawo wani sabon koke, sai suka tura shi wani sashe kamar da. To, ashe ba haka muke ba? Mukan dawo daga maƙabarta zuciya ta yi laushi, kafin sadakar uku mun koma gidan jiya.

Mutumin Da Ke Neman Mai Binne Shi

Na biyu daga Iran yake, Abbas Kiarostami ya shirya shi a 1997, sunansa yana nufin ɗanɗanon 'ya'yan itacen ceri, ya kuwa ci babbar kyautar bikin majigi na Cannes a Faransa a wannan shekara. Wani mutum ne, Badii, yana yawo a mota a duwatsun bayan birnin Tehran. Ya riga ya tanadi rami, ya ƙudura zai kashe kansa, yana neman wanda zai biya kuɗi ya zo da asuba ya kira sunansa: in ya amsa a fito da shi, in bai amsa ba a tura masa ƙasa. Har labarin ya ƙare ba a faɗi abin da ya dame shi ba.

Mutum uku ya ɗauka a motar. Na farko wani yaro soja, Bakurde, wanda tsoro ya kama shi ya ruga a guje. Na biyu ɗalibin addini daga Afganistan, wanda ya gaya masa gaskiya, cewa kashe kai haramun ne, rai amana ce. Maganarsa daidai take, domin aya ta 29 ta Suratun Nisa'i ta hana wannan ƙarara, amma ba ta ratsa Badii ba. Na uku wani dattijo, Bagheri, ma'aikacin gidan tarihi, wanda ya yarda da aikin don yana da ɗa marar lafiya. Shi kuwa sai ya ba shi labarin kansa, cewa shi ma ya taɓa fita da igiya kafin asuba zai rataye kansa a bishiyar tut. Da ya hau, hannunsa ya taɓa nunannun 'ya'yanta, ya ɗanɗana, ya ƙara, har rana ta fito, 'yan makaranta suka zo suka roƙe shi ya girgiza musu, ya koma gida da tsaraba. Daga baya Badii ya komo wurinsa da sauri, ya ce idan ya zo da asuba ya jefa tsakuwa, ya girgiza shi, ko barci ne kawai yake yi. Mai kallo ba ya sanin yadda aka ƙare, amma ya ga son rai ya fara motsi.

Abin Da Za Mu Ɗauka

Darasi na farko na ma'aikata ne. Watanabe bai je wani wuri neman aikin alheri ba, yana nan a kan teburinsa shekara da shekaru, ƙura ta rufe shi. Wannan ya dace da hadisin da ya kwaɗaitar da ribatar lafiya kafin ciwo da rayuwa kafin mutuwa, da kuma wanda Muslim ya ruwaito a kan sadaka mai gudana. Sai dai tunanin Kurosawa ya tsaya a bakin kabari, ladan Watanabe duka shi ne dariyar yara. Musulmi kuwa yana ƙara niyya, yana kuma sa ran sakamako wurin wanda ba a ƙwace wa bawansa lada kamar yadda aka ƙwace yabon tsohon nan.

Darasi na biyu na masu wa'azi ne da iyaye. Ɗalibin ya faɗi hukunci, dattijon kuwa ya zauna da mai ciwo, ya saurare shi, ya tuna masa ni'imomin da ke gabansa. Mai fid da tsammani yana bukatar duka biyu, amma sau da yawa sai an fara da na biyun kunnensa zai buɗe wa na farkon. Idan ɗan'uwa ya fara maganar ya gaji da duniya, kada a yi masa dariya, kada a tsaya ga tsawa kaɗai. A jawo shi jiki, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi ga likita, domin ciwon damuwa ciwo ne mai magani.

Allah Ya sa mu yi amfani da kwanakinmu, Ya kyautata ƙarshenmu, amin. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.