Uwargida Da Kwamfuta: Kira Abu Da Sunansa

Darasinmu na wannan fitowa shi ne yadda za ki buɗe abu a kwamfuta ba sai kin yi ta yawo da linzami ba.

Uwargida, in Windows kike amfani da ita, danna maɓallin nan mai alamar taga, ki rubuta "wor". Word zai bayyana, sai ki danna Enter. Shi ke nan fa! Tun Vista ta 2007 ake da wannan, amma har yau da yawanmu folda-folda muke bi, ga an ɗauke wuta, batir na ƙarewa, ga tukunya a kan murhu.

In kina son ƙari, sauke PowerToys, kyauta ce daga Microsoft. A cikinta akwai PowerToys Run da ya fito a 2020, Alt da Space tare ke kiransa. Har lissafi yake yi: rubuta 4500*12, jimlar zubin adashinki na shekara ta fito nan take. Masu Mac kuwa, Command da Space ne.

Sai dai a kula, da suna za ki kira fayil. Wanda kika bari a "Document1" me za ki rubuta ki same shi? Tun wajen ajiyewa ki raɗa masa suna, kamar "adashi" ko "kuɗin makarantar yara".