Awon Jan Ƙasa: Darasi a Kan Ƙirƙirar Kalmomin Kimiyya

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya hau Dutsen Dala ya saki tsakuwa ya san ƙasa za ta nufa, kuma gudunta ƙaruwa yake yi har ta dira. Wannan ƙaruwar gudu ita masana Fiziya ke aunawa. A Kano takan kai kimanin mita 9.78 cikin daƙiƙa a kowace daƙiƙa, a ƙuryar arewacin duniya kuwa 9.83. Matsalar malamin Hausa ita ce sunan da zai ba ƙarfin da ke haddasa ta.

2.0 Zaɓen Kalma

A kafafen yaɗa labarai an fi jin "maganaɗisun ƙasa". Kalmar tana da daɗin faɗa, amma tana ɓatar da ɗalibi. Maganaɗisu ƙarfe yake ja, ba ya jan ƙwarya ko dunƙulen auduga, alhali ƙasa ba ta ware komai. Bugu da ƙari, duniya tana da nata maganaɗisun na daban, wanda ke juya allurar kamfas ɗin da ake duba alƙibla da shi. Yaron da aka haɗa masa biyun a suna ɗaya zai sha wuyar raba su a sakandare. "Jan ƙasa" ya fi dacewa, ko da yake shi ma sai an kula da karin sauti, domin kada a ɗauka launin ƙasa ake nufi.

3.0 Na'urar Awo

Ita kuwa na'urar, "lilo" ya wadatar, don babu yaron cikin birni da bai san shi ba. Ana ɗaura ɗan dunƙulen ƙarfe a zare mai tsawon mita 1, a rataye, a ɗan ja shi gefe a saki. Zuwa da dawowa ɗaya kan ɗauki kusan daƙiƙa 2. Sai a ninka tsawon da 39.48, a raba da lokacin da aka ninka da kansa.

A nan ne ake tuntuɓe. Tunda lokacin ninka shi ake yi da kansa, kuskuren kashi 1 cikin 100 wajen duba agogo kan zama kashi 2 a amsa. Shi ya sa ake ƙirga zuwa da dawowa 20, sannan a raba. Tsawo kuma daga marataya ake auna shi zuwa tsakiyar ƙarfen, ba bakinsa ba, kuma a rufe tagogi in ana hunturu.

Wahalar gano wannan tsakiya ce ta sa Henry Kater na Ingila ya ƙera lilon sanda mai marataya biyu a 1817. Ana gyara nauyinsa har lokacin kaɗawarsa ya zo ɗaya ta kowane ɓangare, sai tazarar maratayan ta zama tsawon da ake nema. Tun kafin nan, a 1672, Jean Richer ya lura agogonsa mai lilo yana yin baya da kusan minti biyu da rabi kullum a Kayen, kusa da ikwaita, inda jan ƙasa ya fi rauni a kan na Faris.

4.0 Aikin Yi

Ɗalibai su tambayi magina uku a unguwanninsu sunan zaren mai nauyi da suke duba miƙewar bango da shi, su tantance ko kalmar ta aro ce ko ta gida.