Filin Manoma: Me Ya Sa Yankan Tsagen Kara Ya Fi Saran Fartanya Zafi?

Jama'a, ga kaka ta zo, lauje da magirbi sun fito, raunuka kuwa sai abin da ya ƙaru. Wani ya tambaye ni dalilin da ya sa tsagen kara ya yanke shi a yatsa ya hana shi sakat, alhali saran fartanya a ƙwauri bai dame shi haka ba.

To, ga yadda abin yake. Cikin fata akwai bakunan jijiyoyi ƙanana masu aika labarin rauni zuwa ƙwaƙwalwa, kamar waya. Ba daidai aka raba su ba, a kan yatsu sun yi cunkus, a ƙwauri kuwa jefi-jefi ne. Kara yakan tsaga fata sama-sama, daidai inda suke, jini kaɗan ne ke fita, bakin yankan ya zauna a buɗe, iska da gumi suna ta taɓa shi.

Wayoyin nan iri biyu ne. Ɗaya tana kai saƙo har yadi 30 cikin daƙiƙa guda, ɗayar yadi 1 ko 2 kurum. Shi ya sa in ka yi tuntuɓe sai ka ji tsau tukuna, sa'an nan zugi ya biyo baya. Murza wurin kuwa ba camfi ba ne. A 1965 masana biyu, Melzack da Wall, suka bayyana cewa saƙon taɓawa yakan tare wa na zafi hanya cikin laka. Ƙwaƙwalwa ma tana ragewa ko ƙarawa. Wane ne bai ga saurayi ya yanke wajen gayya, ana kiɗa, bai sani ba sai da yamma?

Amma fa zafi ba shi ne ma'aunin hatsari ba. Ƙusa ko ƙayar aduwa ta huda tafin ƙafa, zafin ya wuce nan da nan, alhali ta shigar da ƙasa mai taki can ciki. Nan ƙwayar cutar sarƙe-haƙora ke yaɗuwa, gama ba ta son iska. Takan bayyana tsakanin kwana 3 da 21, tana kisa kuwa. Mai kuturta da mai ciwon suga, waɗanda jijiyarsu ta dakushe, su riƙa duba ƙafa kowane dare.

Kada a cusa toka ko kashin shanu a rauni. A wanke da sabulu da tafasasshen ruwa da ya huce, a rufe da tsumma mai tsabta, a tafi asibiti ran nan a nemi allurar rigakafi.